Kundin da ya ƙi hawa dandamali: shekara 23 tsakanin faifan Quadrophenia da kaɗa shi cikakke

Mai wannan lamari shi ne Pete Townshend, makaɗin jita ɗan Landan, kuma shi ke rubuta wa ƙungiyar The Who kusan duk waƙoƙinta. A ƙarshen 1973, yana da shekara 28, ya kammala wani kundi mai suna Quadrophenia, mai faifai biyu da waƙoƙi 17 da ke jan labari ɗaya daga farko har ƙarshe, irin wanda ake ce wa ofera ta kiɗan rok. Kundin ya yi kasuwa, ya kai mataki na biyu a jerin faya-fayen da aka fi saye a Ingila da Amurka. Amma ƙungiyar da ta haife shi ta kasa kaɗa shi gaban jama'a. Ta gwada na wata huɗu, ta ajiye, ba a ji shi cikakke a kan dandamali ba sai a 1996.

Asalin lamarin, 1964 zuwa 1972

Su huɗu ne: mawaƙi Roger Daltrey, mai jita Townshend wanda shi ne marubucin waƙoƙin, mai jitar bes (jita mai kaurin murya) John Entwistle da mai ganguna Keith Moon. Sun fara tashe a 1964 a gidajen rawa na yammacin Landan, musamman unguwar Shepherd's Bush, inda samarin da ake kira 'yan Mod ke taruwa. Yawancin 'yan Mod 'ya'yan ma'aikata ne. Albashinsu na mako a wajen tela yake ƙarewa da kan babur ƙirar Vespa ko Lambretta, waƙoƙin baƙaƙen Amurka suke saurare, kuma suna haɗiyar ƙwayar hana barci don su kwana suna rawa. Abokan adawarsu su ne 'yan Roka, masu rigar fata da manyan babura. A hutun watan Mayu na 1964 ɓangarorin biyu suka gwabza a bakin teku a Brighton da Margate, jaridun ƙasar suka kwashe kwanaki suna yayata abin.

Ƙarfin ƙungiyar a kan dandamali yake, kuma wani irin ƙarfi ne da ba ya bin tsari. Mai gangunan ba ya riƙe ma'aunin kiɗa yadda aka saba, muryar mawaƙi da jita yake bi, ya ruga gaba ya dawo baya. Mai bes yana kiɗa kamar shi ne jagora. Waƙar minti uku takan kai minti goma sha in dare ya yi daɗi, kuma babu wanda ya san inda za ta tsaya sai sun kalli juna.

A watan Mayu 1969 suka fitar da Tommy, oferarsu ta farko. Wannan ba ta ba su wahala ba ko kaɗan. Jita da bes da ganguna da muryoyi sun ishe ta, suka kaɗa ta fiye da sau ɗari cikin shekara biyu, har a bikin Woodstock a Agustan 1969 da kuma babban gidan ofera na Metropolitan a New York a 1970. Bayan haka marubucin ya ɗauko wani aiki da ya fi wannan girma, Lifehouse, wanda ya haɗa fim da wasa gaban jama'a a gidan wasan Young Vic. Ya kasa fahimtar da abokansa abin da yake nufi, aikin ya rushe a 1971, aka tsinto waƙoƙinsa aka yi kundin Who's Next da su.

Daga wannan kundi ne aka gaji dabarar da za ta shigo cikin lamarinmu. Waƙoƙi biyu a cikinsa an gina su a kan sautin na'urar lantarki da ke maimaita kanta, wanda babu mai iya kaɗa shi da hannu a cikin su huɗun. Sai aka naɗe sautin a tef, ana kunna shi a wajen wasa, mai ganguna ya ɗaura abin sauraro a kunne yana bi. Dabarar ta yi aiki. A waƙoƙin nan biyu tef ɗin ne ke buɗe waƙa, bugunsa ɗaya ne har ƙarshe, kowa yana jin sa.

Yadda aka haɗa kundin, 1973

Labarin na wani yaro ne ɗan Mod mai suna Jimmy, a tsakiyar shekarun 1960. Yana jin kamar mutum huɗu ne ke zaune a cikinsa, kuma marubucin ya ɗauki halin kowane ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ya ba yaron, kowane hali da karinsa na kiɗa. Jimmy ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya je wurin limamin coci, bai samo komai ba. Iyayensa suka tsinci ƙwaya a ɗakinsa suka kore shi. Ya kama aikin kwasar shara, bai daɗe ba ya bari. Budurwarsa ta koma wa amininsa, baburinsa ya ragargaje. Sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Brighton, inda ya taɓa jin cewa shi ma wani ne a cikin taron samari. A can ya tarar da gwarzon 'yan Mod, wanda duk suke koyi da tafiyarsa da ɗinkinsa, yana ɗaukar wa baƙi jakunkuna a otal. Ya saci kwale-kwale ya nufi wani dutse a cikin teku, ruwan sama ya sauko masa a can. Kundin bai faɗi abin da ya same shi bayan nan ba.

An yi yawancin naɗin tsakanin Mayu da Yuli 1973 a situdiyon ƙungiyar mai suna Ramport, wani tsohon zauren coci a Battersea. Ba a ma gama gina ɗakin injiniya ba, dole aka aro motar naɗar sauti aka ajiye ta a waje. Marubucin ya yi makonni a gida yana jera sautin na'urar kiɗa ta lantarki mai suna ARP hawa-hawa, ɗaya bisa ɗaya, domin na'urar lokacin ba ta fitar da muryoyi da yawa a tare. Mai bes, wanda ya iya busa ƙahonin tagulla tun yana yaro, ya busa su sau da yawa aka ɗora a kan juna har suka zama kamar rundunar mabusa. Aka gayyato mai fiyano daga waje don wasu waƙoƙi. Aka naɗo ƙarar igiyar ruwa da ruwan sama da usur ɗin jirgin ƙasa aka saƙa su tsakanin waƙoƙi. Duka ya kama minti 80 da ɗoriya.

Akwai wani abu kuma da bai cikin faifan. Jakar kundin tana ɗauke da labarin Jimmy a rubuce da bakinsa, da ɗan littafi na hotuna marasa launi da ke nuna ɗakinsa da titinsu da bakin tekun. Mai saye yana zaune a ɗaki, littafin a cinyarsa, yana ji yana dubawa. Waƙoƙin su kaɗai ba sa faɗin wanda ya yi me, abin da ke cikin zuciyar yaron suke faɗa.

Shawarar da aka yanke kafin fita, Oktoba 1973

Da aka zo shirin yawon wasa, tambayar a fili take: wa zai kaɗa fiyano da na'ura da ƙahoni? Marubucin ya so a ɗauki mai fiyanon da ya yi aiki a kundin ya bi su. Mawaƙin ya ƙi. A ganinsa ƙungiyar ta mutum huɗu ce, mutum huɗu jama'a suka sani, kuma na biyar zai sauya ta. Maganarsa aka bi. Aka koma ga dabarar 1971, sai dai yanzu waƙoƙi da yawa ne za su dogara da tef, kuma a wasunsu tef ɗin a tsakiyar waƙa yake shigowa, injiniyan sauti ne zai danna shi daidai lokacin.

An ware kwana biyu kacal don gwaji da tef a situdiyon Shepperton, kuma ɗaya daga ciki bai kai ƙarshe ba. Gardama ta ɓarke tsakanin marubucin da mawaƙin, aka kai ga hannu, mawaƙin ya yi masa naushi ɗaya ya sume. Dama akwai jiƙaƙƙa a ƙasa: rigimar kuɗi da manajojinsu, da ƙorafin mawaƙin cewa an danne muryarsa a wajen haɗa sautin kundin.

Kundin ya fito a Ingila ran 26 ga Oktoba. A watan ne ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka taƙaita sayar da shi, robar da ake buga faifai da ita kuma daga man fetur take, sai faifan ya yi wahalar samu a shaguna. Yawon wasa ya fara bayan kwana biyu.

Daga Stoke zuwa Newcastle, 28 ga Oktoba zuwa 5 ga Nuwamba

Daren farko a Stoke-on-Trent aka yi shi, gaban mutanen da yawancinsu ba su taɓa jin waƙoƙin ba. Matsaloli uku suka bayyana tun a nan. Waƙoƙin an rubuta su a muryoyi daban-daban, kowace tana bukatar a matse wuyan jita a wani wuri, don haka marubucin ya yi ta sauya jita har kusan sau 20, wasa yana tsayawa kowane karo. Na biyu, 'yan kallo ba su da littafin hotuna a hannu, sai mawaƙin da marubucin suka shiga bayanin labarin da baki tsakanin waƙoƙi. Na uku shi ne tef. Mai kalangu yana kallon ƙafar mai rawa, in ta yi sauri ya bi ta, in ta sassauta ya jira ta. Tef ba shi da ido. In mai ganguna ya wuce shi da bugu ɗaya, haka za a tafi a karkace har waƙa ta ƙare.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne yanka. Bayan daren Stoke aka cire waƙoƙi uku. Wannan ya rage sauyin jita, amma ya ƙara wa labarin giɓi, bayanin baki kuma ya ƙaru.

Ran 5 ga Nuwamba, a zauren Odeon na Newcastle, tef ɗin waƙar jirgin ƙasa, mai suna 5:15, ya shigo a makare. Marubucin ya tsayar da wasa, ya finciko injiniyan sautin daga kan teburinsa zuwa tsakiyar dandamali yana zaginsa gaban jama'a, ya ɗebo tef-tef ɗin ya watsar, ya hamɓare lasifikarsa ya fice. Bayan kamar minti 20 suka dawo suka cika daren da tsofaffin waƙoƙi. Injiniyan bai bar aikin ba, ya ci gaba da bin ƙungiyar shekaru da dama bayan haka, kuma aka maido da tef a wasannin da suka biyo.

Amurka da Faransa, Nuwamba 1973 zuwa Fabrairu 1974

A Amurka matsalar labari ta ninka. Matasan can ba su san 'yan Mod ba, ba su san Brighton ba, ba su san dalilin da zai sa faɗin wuyan kwat ya zama abin kuka ga yaro ba. Mawaƙin ya ɗauki nauyin bayani, yana tsawaitawa, marubucin kuma yana ƙosawa, har ana ganin saɓanin nasu daga cikin taro. Ga zauruka masu ɗaukar mutum dubu goma sha, cike da waɗanda suka biya kuɗi don su ji waƙoƙin da suka sani.

Daren farko a can, ran 20 ga Nuwamba a Cow Palace kusa da San Francisco, wani abu ya faru da ba shi da alaƙa da tef. Mai gangunan ya sha ƙwaya mai ƙarfi da barasa kafin wasa, ya faɗi a kan gangunansa har sau biyu. Marubucin ya tambayi taron ko akwai mai iya kiɗa, wani saurayi ɗan shekara 19 ya hau ya ƙarasa musu daren. Na kawo wannan ne don a san halin mutumin da aka ɗora wa nauyin bin ma'aunin inji dare bayan dare.

Wasu dararen sun yi kyau. An naɗi na Philadelphia ran 4 ga Disamba don wani shirin rediyo. Amma ana ci gaba da zubar da waƙoƙi a hanya, kuma da suka kammala gajeren yawo a Faransa da wasan Lyon ran 24 ga Fabrairu 1974, sai aka daina gabatar da kundin a matsayin labari guda. A babban wasan filin ƙwallon Charlton a watan Mayu, 'yan waƙoƙi kaɗan ne suka rage daga cikinsa. Fim ɗin Tommy ya fito a 1975, tsohuwar oferar ta dawo ta mamaye wasanninsu, sabuwar kusan ba a taɓa ta.

Shekarun ajiya, 1974 zuwa 1996

Abubuwa uku suka sauya a wannan tsakani, kuma babu wanda aka yi da nufin warware matsalar.

Mai gangunan ya rasu ran 7 ga Satumba 1978, yana da shekara 32. Da ƙungiyar ta koma kan hanya a 1979 da sabon mai ganguna, ta tafi da mai fiyano, daga baya ta ƙara mabusa ƙahoni. Dokar mutum huɗu ta faɗi da kanta, ba wanda ya sake kare ta, kuma wasu waƙoƙin kundin suka dawo ɗaya-ɗaya ba tare da tef ba.

A 1979 ɗin kuma aka fitar da fim a kan labarin, Franc Roddam ya ba da umarni, Phil Daniels ya fito a Jimmy. Fim ɗin bai bi tsarin ofera ba, wasan kwaikwayo ne sosai mai magana da rigima da soyayya, waƙoƙin suna bayansa. Ya faɗo daidai lokacin da wani sabon rukunin samarin Ingila ke farfaɗo da ɗinkin Mod da baburansu, suka rungume shi. Daga nan Jimmy ya sami fuska. Har yau masu yawon buɗe ido a Brighton suna neman wani siririn lungu kusa da titin East Street saboda fitowarsa a fim ɗin. Aikin da mawaƙin ya yi ta fama da shi da baki a 1973, fim ya yi shi a gidajen sinima da kaset ɗin bidiyo cikin shekara goma sha bakwai.

Na uku ya shafi marubucin kansa. Ƙarar lasifika ta ɓata masa ji, kunnuwansa suna ƙugi ba tsayawa. A yawon 1989 ya fi riƙe jita marar lantarki, ya bar wa wani mai jita ɓangaren ƙara, tare da makaɗa da yawa a bayansu. A 1993 Tommy ta hau dandamalin Broadway a New York ta ci biyar daga kyaututtukan Tony na wasan dandamali, abin da ya koya masa yadda ake jan labari a gaban 'yan kallo da hoto da haske da 'yan wasa.

Hyde Park, 29 ga Yuni 1996

Gidauniyar Prince's Trust ta shirya babban wasa a dandalin Hyde Park na Landan, kuma a nan aka kaɗa kundin cikakke karon farko, gaban mutum kusan 150,000. Ba a ma tallata wasan da sunan ƙungiyar ba, sunayen mutum ukun da suka rage aka rubuta.

Ga abin da aka yi daban. Makaɗa fiye da goma suka hau: masu fiyano da na'ura biyu, rukunin mabusa ƙahoni, mai ƙananan ganguna, 'yan amshi, da wasu masu jita, ciki har da ƙanen marubucin. Duk abin da tef ya riƙe a 1973 yanzu yana hannun mutum mai ido da kunne. Marubucin ya riƙe jita marar lantarki, sauyin jita ya daina tsayar da wasa tunda akwai masu cike gurbi. A kan ganguna aka zaunar da Zak Starkey, ɗan mai gangunan ƙungiyar Beatles, wanda marigayi Keith Moon ya taɓa ba shi kyautar ganguna yana yaro. Ya tashi da salon marigayin a kunnensa, kuma ya iya riƙe ma'auni. Labari kuma aka damƙa shi ga Phil Daniels, yana faɗinsa da bakin Jimmy tsakanin waƙoƙi, baƙin mawaƙa da 'yan wasa suna fitowa a matsayin mutanen labarin, manyan alluna suna nuna hotuna.

Mawaƙin da ya hana ɗaukar mutum na biyar a 1973, shi ne ya sa hannu sosai wajen tsara wannan wasa. A wajen gwaji wani baƙon mawaƙi ya buge shi da ƙarfen makirufo bisa kuskure, ƙashin gefen idonsa ya tsage, ya fito da ido ɗaya a rufe ya rera kundin duka.

A watan Yuli suka yi dare shida a Madison Square Garden na New York. Daga Oktoba suka shiga yawon Amurka, a 1997 suka zaga Turai suka sake komawa Amurka. A yawon aka sauƙaƙa tsarin: maimakon mai ba da labari a tsaye, sai wani matashin ɗan wasa yana magana daga allon majigi. A hankali marubucin ya koma ɗaukar jitar lantarki a wasu waƙoƙi. A 1996 ɗin kuma aka sake haɗa sautin kundin aka fitar da shi a faifan CD.

Bayan haka, 2010 zuwa 2025

Mai bes ya rasu ran 27 ga Yuni 2002 a Las Vegas, saura biyu. Ran 30 ga Maris 2010 suka sake kaɗa kundin a Royal Albert Hall don tallafa wa matasa masu ciwon daji. Daga 1 ga Nuwamba 2012 suka fita da shi yawo na uku, wanda ya ƙare a Wembley ran 8 ga Yuli 2013.

A wannan karo an cire mai ba da labari gaba ɗaya. Babu baƙi, babu bayani, waƙa tana bin waƙa. Mawaƙin ne ya tsara hotunan allo, ya haɗa tarihin ƙungiyar da labaran duniya tun daga yaƙin duniya na biyu. A wurare biyu aka dawo da naɗaɗɗen sauti. A waƙar jirgin ƙasa, marigayi mai bes ya bayyana a allo yana kaɗa nasa ɓangaren, mai ganguna na raye yana raka shi. A waƙar ɗan dakon otal kuma aka nuna marigayi mai ganguna yana rera baitinsa, daga hoton da aka ɗauka a Charlton a 1974. Kwamfuta ce ke riƙe da lokaci, makaɗa suna jin ta a cikin kunne, abin ya tafi daidai.

A 2015 aka mayar da kundin kiɗan babbar ƙungiyar goge da bushe-bushe, Royal Philharmonic ta naɗe shi, aka gabatar a Royal Albert Hall a watan Yuli. A 2025 gidan rawa na Sadler's Wells ya mayar da shi wasan rawa marar magana.

Hukunci

Tef ne ya sha zagi a 1973, kuma ya cancanci wani kaso, amma a ganina ba shi ne tushen ba. Dabarar ta yi aiki a 1971 don waƙoƙi biyu ne, kuma inji ne ke gaba tun daga bugun farko. A 1973 aka ce ya shigo a tsakiya, a waƙoƙi da yawa, bayan gwajin da bai cika kwana biyu ba, a bayan mai gangunan da duk baiwarsa ita ce ƙin tsayawa wuri ɗaya. An ɗauki abin da ya fi kowane kyau a ƙungiyar an mayar da shi cikas. Gardamar mutum na biyar kuma ba ta kiɗa ba ce zalla. Mawaƙin yana kare abin da yake ganin shi ne ƙungiyar, a lokacin da yake jin marubucin yana janye ta zuwa ɗakinsa da na'urorinsa. Ina ganin tsoronsa na da tushe, maganin da ya zaɓa ne bai dace ba. Marubucin ma da nasa alhakin: ya gina abin da mutum huɗu ba za su iya ɗauka ba, bai tambayi kansa yadda za a ɗauke shi ba sai da motoci suka tsaya a ƙofa.

Yanka waƙoƙi da bayanin baki duk sun gaza saboda dalili ɗaya. An rubuta kundin ne don mutum ɗaya a ɗaki da littafi a hannu, sannan aka kai shi gaban dubban mutanen da ba su ji shi ba tukuna. Abin da ya yi aiki a 1996 rabi aikin masu shiri ne, wato makaɗa a madadin inji da ɗan wasa a madadin lacca. Ɗaya rabin lokaci ne ya yi shi. Shaida ita ce 2012, da aka cire mai labarin baki ɗaya kuma ba a rasa komai ba, domin mutanen da ke zaune a zauren sun shekara kusan arba'in suna ɗauke da Jimmy.

Dalilin da ya sa suka ɗauke shi tsawon haka shi ne abin da ya fi taɓa ni. Kayan labarin sun tsufa, babura da kwat da rigimar bakin teku duk sun zama na gidan tarihi. Amma yaron da ya jingina da iyaye suka kauce, ya jingina da aiki da budurwa da abokai suka kauce, sannan ya tarar da gwarzonsa yana cewa ranka ya daɗe don a ba shi 'yan canji, wannan yaron ana haifarsa kowace shekara. Kundin bai yi masa wa'azi ba, bai kuma yi masa dariya ba. Ya ɗauki baƙin cikin ɗan shekara goma sha da muhimmancin da shi yaron yake ba shi, ya ba shi ƙahoni da teku. Tommy ta fi shi suna, amma jaruminta kurma ne makaho bebe da ya zama abin bauta, ana kallonsa daga nesa. Jimmy kuwa mai sauraro kansa yake gani.

An biya farashi, kuma ba ƙarami ba. Kundin a kan mutum huɗun nan aka gina shi, karin kiɗa huɗu don halaye huɗu, amma su huɗun ba su taɓa kaɗa shi daga farko har ƙarshe gaban jama'a ba. Wasannin 1996 da 2012 sun fi tsabta da cika, sai dai wasan da aka tsara ne, kowane dare kamar na jiya, kuma haɗarin da ya sa mutane ke cika zauruka don ganin ƙungiyar a farkon shekarun 1970 ba ya ciki. Mai son jin yadda abin yake a hannun masu shi sai ya nemi naɗin rediyon Philadelphia na Disamban 1973. Waƙoƙin ba su cika ba, tef yana nan yana jan su, amma a waƙoƙin da ba a kunna shi ba, irin su Drowned, ana jin su huɗun sun saki jiki suna bin juna.